Ƙaramar Kyamara Mai Fim Ta Dawo: Sayenta Araha, Ciyar Da Ita Tsada

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal da sauran garuruwan kurmi, wani tsohon kaya da kowa ya ɗauka an gama da shi ya sake ɓullowa a kasuwannin duniya, watau ƙaramar kyamarar nan mai cin fim, wadda ba ta neman komai a wurin mai ita sai dai ya saita ta ya danna. Samari da 'yan mata a Turai da Amurka da Japan sun koma nemanta ido rufe, har ta kai ga a watan Yuni na shekarar 2024 kamfanin Ricoh na ƙasar Japan ya fito da sabuwa fil mai suna Pentax 17, bayan an yi wajen shekara 20 ba a ga sunan Pentax a jikin sabuwar kyamara mai fim ba.

To, tun da yake duk abin da ya yi tashe a can ba ya daɗewa bai sauka a Ikko ba, ba mamaki ɗanka ko ƙanenka ya zo maka da maganarta, ko kuwa kai da kanka ka tuna akwai wata tsohuwa kwance a gindin akwatinka. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayaninta filla-filla tun kafin kuɗi su fita. Gama ita wannan kyamara kamar doki take, saye ba wuya, dawa da harawa su ne aiki. Wanda ya san haka ya saya zai ci riba, wanda kuwa bai sani ba, fim biyu zai ƙona ya jefar da ita.

HOTO WASIƘAR BAƘO

Yaran yanzu da suka tashi da waya a hannu da wuya su gane matsayin hoto a wurin mutumin da ya bar gida. A shekarun 1970 da 1980, in mutum ya sauka a Agege ko Idi-Araba ko Obalende ko Sabon Badun, ya yi 'yan watanni ya ɗan murmure, abin da yakan yi bayan ya aika da kuɗin cefane shi ne ya nufi wurin mai hoto. Sai ya sa riga mai aiki, ya kafa hula, ya tsaya gaban labule mai zanen jirgin sama ko gidan bene, ya dafa rediyo ko tarho, wanda kuwa na mai hoton ne. In an wanke, sai a sa cikin ambulan tare da wasiƙa, a damƙa wa direban babbar mota mai komawa Arewa da goro, ko wani ɗan gari da zai hau jirgin ƙasa a tashar Iddo.

Ranar da hoton ya isa gida, sai ya zaga unguwa daga wannan hannu zuwa wancan. Tsohuwa ta kai shi kusa da ido ta duba ko ɗanta ya yi ƙiba ko ya rame, don kuwa wasiƙa tana iya ɓoye wahala, amma gani ya kori ji.

Da ƙaramar kyamara ta shigo hannun talaka, sai abin ya sake. Mutum ya daina aron rediyon mai hoto, ya koma ɗaukar rumfarsa ta gaskiya a kasuwar Mile 12, da shanunsa a Oko-Oba, da ɗakin da yake haya, da taron sunan ɗansa, da sahun masallacin Idi. Yawancin abin da muke da shi yau na kamannin zangunanmu na kurmi a wancan zamani, daga irin waɗannan hotuna ya fito, waɗanda ke cikin albam a ɗakunan iyayenmu mata.

YADDA TA ZO HANNUN TALAKA

Asalin wannan dabara daga wani Ba'amurke ne mai suna George Eastman, mutumin garin Rochester. Kafin shi, ɗaukar hoto aikin gwanaye ne masu akwati mai ƙafa uku da farantan gilashi da kwalaben magani. A shekarar 1888 ya fito da wani ɗan akwati mai suna Kodak, wanda ake sayarwa dala 25 da fim na hoto 100 a cikinsa. In fim ya ƙare sai ka mayar da akwatin kamfani da dala 10, su wanke hotunan, su sa sabon fim, su aiko maka. A 1900 kuma ya fito da Brownie, wadda kuɗinta dala 1 tak.

Daga nan sai sauƙi ya dinga ƙaruwa. A 1934 Kodak ta fito da fim mai faɗin milimita 35 a cikin ɗan gwangwani, wanda shi ne ake amfani da shi har yau. A 1963 ta fito da Instamatic, wadda aka sayar da fiye da miliyan 50 kafin shekarar 1970 ta fita. Sa'an nan mutanen Japan suka karɓe kasuwa. Kamfanin Olympus ya yi Trip 35 daga 1967 zuwa 1984, ya sayar da fiye da miliyan 10. Kamfanin Konica ya fito da C35 AF a 1977, ita ce ta farko a kasuwa mai auna nisan mutum da kanta ta daidaita idonta. Canon ta biyo baya da AF35M a 1979, Nikon kuma da L35AF a 1983.

Wannan lokaci kuwa ya yi daidai da zamanin da Naira ke da ƙarfi. An biya kuɗin Udoji a 1975, an yi bikin FESTAC a Ikko a 1977, kuma a shekarar 1980 Naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Ɗan kasuwa da ma'aikaci da alhajin da ya dawo daga Makka, kowa na iya rataya kyamara a wuya. Sai da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, Naira ta faɗi, sa'an nan fim da takardar hoto suka fara gagarar mutane.

Kada kuma wani ya raina ƙaramar kyamara. Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya ɗauki hotunan kitso da ɗaurin kallabi na matan ƙasar nan wajen 1,000 tun daga 1968, har aka nuna su a babban bikin baje kolin fasaha na birnin Venice a 2013, da Brownie ya fara a shekarar 1950. Haka nan Malick Sidibé na Bamako, wanda ya sami babbar lambar yabo a wannan biki na Venice a 2007, shi ma Brownie ya fara saya a 1956.

FAƊUWA DA TASHI

Abin mamaki shi ne a cikin gidan Kodak aka haifi abin da ya kashe kasuwar fim. A 1975 wani injiniyan kamfanin mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar farko marar fim. Nauyinta ya fi kilo 3, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kan kaset. Bayan shekara 30 sai ga jikokinta sun cika duniya. Kamfanin AgfaPhoto na Jamus ya durƙushe a 2005, Konica Minolta ta fita daga sana'ar kyamara a 2006, ita kanta Kodak ta nemi kariyar kotu saboda bashi a watan Janairu na 2012. A nan gida kuwa wayar hannu ta fara yaɗuwa a 2001, kafin a ankara kowace waya ta zo da kyamararta, masu ɗakunan wanke hoto suka koma buga abin da aka kawo musu a waya.

Amma fim bai mutu ba. Kodak ta fito daga hannun kotu a 2013 ta ci gaba da yin fim a Rochester. Kamfanin Harman na Ingila yana yin fim ɗin Ilford mai baƙi da fari. Matasan da suka gaji da hotunan waya masu kama da juna kuwa sai suka fara tono kyamarorin iyayensu. A 2017 wata shahararriyar mai tallan tufafi a Amurka, Kendall Jenner, ta nuna tata mai suna Contax T2 a wani shirin talabijin, farashin irinta ya yi sama, ya kuma ja na wasu irin su Yashica T4 da Olympus mju-II. Mai neman hoton iyali babu ruwansa da waɗannan, don kuɗin suna ake biya a kansu.

IRIN DA KE KASUWA

In ka shiga neman mai araha, iri huɗu za ka tarar.

Na farko ita ce ta yi-ka-yar, wadda ke zuwa da fim a cikinta, galibi na hoto 27. Kamfanin Fujifilm ya fara fito da tasa a 1986. In fim ya ƙare sai ka kai ta gaba ɗaya wurin mai wanki. Ta dace da mai son ɗaukar buki guda, ko mai son ya ɗanɗana kafin ya saya. Amma kada yaro ya fasa ta don wasa, gama akwai ragowar wutar lantarki a cikin fitilarta mai iya fizgar mutum.

Na biyu su ne sababbin na roba da ake iya sake wa fim, irin su Kodak M35 da Ilford Sprite 35-II da Kodak Ektar H35. Masu sunan Kodak ɗin wasu kamfanoni ne na Hong Kong ke yin su da izinin amfani da sunan. Idonsu ƙarami ne, gudunsu ɗaya ne, ba sa auna haske, ba sa auna nisa, batir ɗaya kawai suke ci don fitila. A cikin rana suna yin aiki mai kyau, in magariba ta kawo jiki kuwa sai da fitila. Ita H35, wadda ta fito a 2022 a kan wajen dala 50, tana raba kowane gurbin fim biyu, watau fim mai hoto 36 ya ba ka 72. Wannan dabara tsohuwa ce, Olympus ta yi ta tun 1959 a kyamararta mai suna Pen. Ita ma Pentax 17 haka take yi, sai dai da ta fito a 2024 kuɗinta wajen dala 500 ne, ta fita daga sahun masu araha.

Na uku su ne tsofaffin na Japan masu auna nisa da kansu, na shekarun 1980 da 1990, irin su Canon Sure Shot da Nikon L35AF da ire-irensu na Minolta da Ricoh da Pentax. Idonsu gilashi ne na gaske, hotonsu ya fi na robar fitowa nesa ba kusa ba. Aibinsu shi ne sun tsufa, kuma in injin cikinsu ya tsaya, ba kasafai ake samun mai gyara ko kayan gyara ba. A cikinsu, wadda idonta ba ya zurowa waje ta fi mai dogon hanci ƙarko, ta kuma fi ta jure ƙarancin haske.

Na huɗu ita ce irin Olympus Trip 35, wadda jikinta ƙarfe ne kuma ba ta cin batir ko kaɗan. Wani zobe mai kama da saƙar zuma da ya kewaye idonta shi ke karɓar hasken rana ya sarrafa ta. Nisa kuwa kai za ka zaɓa daga cikin alamomi huɗu: mutum ɗaya, mutum biyu, taron jama'a, da dutse. In haske ya yi kaɗan sai wata 'yar jar tuta ta taso a tagar leƙe, maɓallin ya ƙi dannuwa, don kada ka yi asarar fim. Ba ta da fitila a jikinta, sai dai a sayo a ɗora mata. Ga mutumin da ke yawo tsakanin kurmi da gida, da tsohuwar zuma ake magani.

KAFIN KA BIYA KUƊI

In ta gwanjo ce, kada ka yarda da zaƙin bakin mai kaya. Ka je da batirinka a aljihu. Abu na farko, ka tabbata fim mai milimita 35 take ci. Kodak ta daina yin fim ɗin Instamatic mai lamba 126 tun 1999, fim mai suna APS kuma an daina shi a 2011, saboda haka kyamarorin da ke cin su sun zama kayan ado.

Sa'an nan ka buɗe gidan batir ka duba. In ka ga tsatsa ko wani farin gari ko kore, batir ya taɓa fashewa a ciki, sai ka yi hattara. Ka tambayi irin batirin da take ci. Mai cin na rediyo ƙarami, watau AA ko AAA, ta fi sauƙi, don ko a ƙauye za ka samu. Wasu suna cin wani gajere mai lamba CR123A, wanda ya fi tsada kuma ba kowane kanti ke da shi ba.

Bayan haka ka buɗe bayanta, ka ɗaga ta wajen haske, ka danna. Ya kamata ka ga haske ya ƙyafta ta cikin idon. Ka duba gilashin da kyau, in ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce ta kama shi, hoto zai fito da hazo. Ka shafa baƙin soson da ke gefen ƙofar bayan. In ya narke yana kama yatsa, haske zai riƙa satar hanya ya shiga, hotuna su fito da jan tabo. Wannan dai ana iya sake shi da kuɗi kaɗan. Ka kunna fitila ka ga ta haska. In Trip 35 ce, ka rufe idonta da tafin hannu ka danna, in jar tuta ba ta taso ba, ma'aunin haskenta ya mutu.

Har ila yau akwai wasu manyan kyamarori na roba masu ƙatuwar fitila a gefe, waɗanda sunansu ya yi kama da na Canon ko Nikon amma an sake harafi ɗaya ko biyu. Irin waɗannan har guntun ƙarfe ake sa musu a ciki don su yi nauyi a hannu. Ka bar su inda ka gan su. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

FIM SHI NE HARAWAR

To, ga inda maganar take. Kyamara sau ɗaya ake sayenta, fim kuwa kullum. Abin da ya sa yake da tsada shi ne da azurfa ake yin sa, a dama ta cikin wani irin ƙaro da ake samu daga ƙasusuwan shanu, a shafa a jikin leda cikin duhu. Masana'antun da suka rage suna yin wannan aiki a duniya ba su da yawa, masu nema kuwa sun ƙaru, shi ya sa aka yi ta ƙara masa kuɗi tun daga 2020. Ba a yin sa a ƙasar nan, da dala ake sayo shi, dala kuwa ta haura Naira 1,000 a shekarar 2024.

Saboda haka kafin ka sayi kyamara, ka fara nemo mai sayar da fim da mai wanke shi a garin da kake, ka ji kuɗinsu. Ka haɗa kuɗin fim da na wanki da na bugawa, ka raba gida 36, abin da ya fito shi ne kuɗin kowane danni ɗaya. In ka ga ya yi maka nauyi, ka nemi mai raba gurbi biyu, ko da yake hotonta ba ya jure a faɗaɗa shi da yawa.

A jikin kwalin fim za ka ga lamba, 100 ko 200 ko 400, wadda a da ake ce wa ASA, yanzu kuwa ISO. Yawan lambar, yawan jin haskensa. Mai 200 ya isa aikin rana, mai 400 ya fi dacewa da damina da inuwa da cikin ɗaki. Ka duba ranar ƙarewar aikinsa a jikin kwalin, don fim ɗin da ya wuce lokaci, musamman wanda ya sha zafi a shago, launinsa yakan juye.

In ka sa fim ka rufe, ka lura. A mai murzawa da hannu, in kana murza gaba ya kamata ka ga hannun mayarwa yana juyawa shi ma. In bai juya ba, fim bai kama ba, sai ka wuni kana ɗaukar iska. In fim ya ƙare kuma, kada ka buɗe bayanta sai ka mayar da shi duka cikin gwangwaninsa. Buɗewar daƙiƙa ɗaya ta isa ta ƙone hotunan buki guda.

FARAR RIGA DA BAƘAR FATA

Akwai wata matsala tamu ta musamman. Sau da yawa akan wanke hoton Sallah a ga babbar riga ta fito fes amma fuskar mai ita ta yi duhu, sai haƙora. Dalili biyu ne. Na ɗaya, ma'aunin hasken kyamara in ya ga farin kaya da yawa sai ya zaci haske ya yi yawa, ya tsuke idon, fuska ta rasa rabonta. Na biyu, tun daga shekarun 1950 masu wanke hoto mai launi suna daidaita injinansu ne da wani kati na Kodak da ake kira Shirley, mai hoton Baturiya, watau ba da fatarmu aka yi awon ba.

Maganin abin yana hannunka. Kada ka ɗauki mutum da tsakar rana, lokacin da hula ke jefa inuwa a kan ido. Hantsi da la'asar sun fi. Ka sa rana a bayanka, ko ku shiga inuwar bango inda haske ya bazu daidai. In kuwa dole ne a tsakar rana, ko hasken yana bayan mutumin, ka kunna fitila ko da rana ce, za ta cike fuskar. Sa'an nan ka gaya wa mai bugawa ya bi fuska, ya bar riga ta yi yadda ta ga dama.

Ita fitilar ƙaramar kyamara ba ta wuce mita 3, watau kamar taku huɗu. Wanda ya tsaya a bayan taro yana haska mawaƙi daga nesa, ƙeyar mutanen gabansa kawai zai samu. Kada kuma ka matsa ƙasa da mita 1, hoton zai dushe. Ka lura da yatsanka da igiyar kyamara, don tagar leƙe daban take da idon ɗauka, ba za ka ga sun tare ba sai bayan an wanke. Ka manne gwiwar hannu a jiki, ka danna a hankali.

Kuma tun da muna zaune cikin mutane, ka nemi izini kafin ka ɗauki wani, balle matan mutane. Ka nisanci barikin soja da shingen 'yan sanda da makamantansu, kada abin nishaɗi ya zama na neman beli.

DANSHIN KURMI DA ƘURAR GIDA

Kyamarar ɗan Arewa mazaunin kudu abokan gaba biyu gare ta. A Ikko da Fatakwal danshi ne, shi ke haifar da fumfuna a gilashi. Kada ka ajiye ta cikin jakar fata a ƙasan akwati. Ka sa ta cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka riƙa fito da ita tana shan iska, ka kuma cire batir in za ta daɗe a ajiye. In ka zo gida da hunturu kuwa, ƙura ce. Ka sa ta cikin leda in ba a aiki, kada ka sake fim a fili cikin iska, kuma kada ka goge idonta da bakin riga, ka hure ƙurar tukuna sa'an nan ka shafa da ƙyalle mai laushi.

Shi fim zafi ne ke kashe shi. Kada ka bar shi a gaban mota cikin rana. In kana da firiji ka ajiye shi a ciki cikin robarsa, amma ka fito da shi ya yi kamar sa'a biyu kafin ka buɗe. Masu tafiya ta jirgin sama kuma su riƙe fim a hannu su roƙi a duba shi da ido, don injin binciken manyan akwatuna da sababbin na'urorin binciken jakar hannu suna lalata fim ɗin da ba a wanke ba. Da zarar ka gama ɗauka, ka kai wanki, kada ka bar shi ya shekara a cikin kyamara.

KADA KA BAR UWAR HOTO

In ka je karɓa, yawancin masu wanki a yanzu za su tura maka hotunan a waya. Wannan ba laifi, ka ji daɗin tura wa 'yan'uwa a gida nan take. Amma kada ka fito ba tare da abu biyu ba. Na ɗaya nagatif, watau ledar nan mai ruwan goro, ita ce uwar hoto. In ka adana ta a wuri mai sanyi marar danshi, ba ka taɓa tsakiyarta da yatsa ba, bayan shekaru masu yawa ana iya sake buga hoton daga jikinta. Na biyu, ka sa a buga maka masu kyaun a takarda.

Wannan shi ne ribar duk wahalar. Kowa a cikinmu ya san wanda aka fizge wa waya a tashar mota, ko ta faɗa ruwa, hotunan haihuwar 'ya'yansa da na mahaifinsa marigayi suka tafi da ita. Alhali kuwa hoton da kakanka ya ɗauka a Sabo shekara 50 da suka wuce yana nan rataye a bango, ba ya neman caji. Fim mai hoto 36 yana tilasta wa mutum ya yi tunani kafin ya danna, ya tara iyali, a gyara tsayuwa, a ɗauki abin da ya cancanci a ajiye.

Kuma in an buga, ka juya bayan kowane hoto ka rubuta da fensir sunayen waɗanda ke ciki, da gari, da shekara. 'Ya'yan da aka haifa a Agege ko Shagamu, waɗanda wasunsu Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu, wata rana za su so su san wane ne wannan mai rawani, kuma daga wane gari aka taso. Ka buga biyu-biyu, ɗaya naka, ɗaya ka ba direba ya kai wa tsohuwa a gida, gama har yanzu ba ta saba da duba fuskar jika a jikin waya ba.

Wanda ba shi da halin fim kuwa, kada ya matsa wa kansa. Ya zaɓi hotuna 10 daga cikin dubban da ke wayarsa, ya kai a buga masa a takarda tun wayar tana hannunsa. Allah ya ba da sa'ar kasuwa, ya mai da kowa gida lafiya.